Shakuhachi Yuu: sarewar Japan ta roba ga wanda ya fara koyo da girma

Duk wanda ya tambaye ni da wace sarewa zai fara koyon busa shakuhachi, amsata ɗaya ce: ya sayi ta roba mai suna Yuu, ya bar ta gora sai gaba. Na san maganar ba ta da daɗin ji. Mutum ya saurari sarewar gora ta Japan a YouTube, wannan amo mai haɗe da hucin numfashi ya ratsa shi, ya ƙudurta sai ya koya, sannan a ce masa ya je ya sayi roba. Ni ma da aka faɗa mini haka raina bai so ba. Sai da na haura arba'in na fara, a Zariya nake zaune, babu mai koyar da wannan sarewa a kusa da ni, kuma yanzu da na daɗe ina busa ta kusan kullum bayan isha'i, ina ganin zan iya faɗin abin da take yi wa mai koyo da abin da ba ta yi masa.

Ga wanda bai taɓa ganin shakuhachi ba, a tsaye ake riƙe ta, ana busawa ta bakinta na sama. Ƙofofi biyar gare ta, huɗu a gaba, ɗaya a baya ta babban yatsa. Babu bututun da ake sawa a baki irin na algaita, babu abin da zai tattara maka iska. An dai datse gefen bakin a karkace ya yi kaifi, kai kuma ka ɗora ta a haɓarka, ka matse leɓɓa, ka aika siririyar iska ta faɗa daidai kan kaifin nan ta rabu biyu. Wanda ya taɓa busa bakin kwalbar lemo yana yaro ya san tushen abin. Tsawon da aka fi amfani da shi shi ne wanda ake rubuta wa 1.8 a ma'aunin Japan, wato santimita 54.5, kuma Yuu wannan tsawon gare ta. In ka toshe ƙofofin duka za ta ba da sautin da masu kiɗan Turai ke kira D, sauran huɗun su ne F, G, A da C. Sautuka biyar ke nan, kuma kunnen da ya saba da sarewar makiyaya ba zai ji su baƙi ba.

Da na buɗe kwalin, abin da ya fara ba ni mamaki nauyinta ne. Na zaci zan ɗauki wani abin wasan yara, sai na ji abu mai kauri da ƙwari a hannu. Da robar ABS aka yi ta a Japan, an ba ta launin gora, an fitar mata da gaɓoɓi, har da kamannin saiwa a gindinta, domin ta gaskiyar daga gindin gora ake yanko ta tare da saiwar. Daga nesa za ta ruɗi mutum, daga kusa kuwa kowa ya san roba ce. Gida biyu ce, ana haɗa ta a tsakiya. Wannan ado na waje bai dame ni ba. Abin da aka biya kuɗi dominsa yana ciki. Cikin shakuhachi ba miƙaƙƙen bututu ba ne. Yana da faɗi daga sama, wajen milimita 20, yana tsukewa a hankali zuwa ƙasa, sannan ya ɗan buɗe a ƙarshe. Wannan tsukewar ce ke sa muryar ƙasa da muryar sama su dace da juna. Masu ƙera ta gora sukan shafe watanni suna shafa wani kwaɓi a cikinta, suna kankarewa, suna ƙarawa, har ta daidaita. A ta roba an zuba wannan siffa ne a mazubi, don haka kowace ɗaya da ’yar’uwarta daidai suke.

A nan ne hujjata take, kuma zan ɗan daɗe a kai.

Mai fara koyon shakuhachi yakan yi kwanaki, wani ma makonni, bai fitar da sauti ko ɗaya ba. Iska kawai zai yi ta ji, fuu, fuu, ga jiri yana ɗibarsa saboda yawan busawa. Ranar da sautin ya fito, sai ya ɓace da zarar ya motsa kai, gobe kuma ya neme shi ya rasa. Haka na yi fama. Ina zaune gaban madubi ina duban leɓɓana, ina ɗaga sarewar, ina sauke ta, har ƙaramar ’yata ta leƙo ta ce, “Baba, ko ta lalace ne?” To wannan tambaya ita ce mai kashe zuciyar mai koyo. Yaro in ya kasa, sake gwadawa yake yi kawai. Babba in ya kasa sai ya fara lissafi: ko an cuce ni, ko sarewar ce ba ta da kyau, ko na tsufa da wannan. In sarewar da ke hannunsa wata gora ce mai araha da ya tsinta a kasuwar intanet, wadda bai san wanda ya ƙera ta ba, to babu mai ba shi amsa, domin yana iya yiwuwa da gaske sarewar ce. Akwai irin waɗannan da yawa, an huda ƙofofin yadda aka ga dama, an yanke bakin ba bisa ƙa'ida ba, ko gwani ya busa ba za su ba da sauti daidai ba. Da Yuu wannan shakka ta kau. Malaman shakuhachi a ƙasashe da dama sun san ta, sun busa ta, suna ba ɗalibansu shawarar farawa da ita, kuma kana iya neman bidiyon ƙwararre yana busa irin taka sak ka ji abin da ke cikinta. Da ka ji, ka san aikin yana leɓenka da numfashinka. Ni wannan sanin ne ya hana ni jefa ta cikin akwati a watan farko. Na amsa wa yarinyar cewa lafiyarta ƙalau, mai busawar ne bai iya ba tukuna, kuma na faɗa da tabbaci.

Hujja ta biyu ta shafi inda muke zaune. Gorar da ake yin shakuhachi da ita, madake, a ƙasa mai danshi take tsirowa. Da sanyi ake haƙo ta, a gasa ta a wuta a fitar da mai, a shanya, a ajiye ta shekaru kafin a taɓa ta. Duk da haka babban abokin gabarta bushewar iska ce. Ko a Amurka da Turai, masu ita suna kuka da tsagewa a lokacin sanyi in an kunna na'urar ɗumama ɗaki, shi ya sa suke ajiye ta cikin leda a ɗaure. To ina ga hunturunmu, lokacin da danshin iska a Arewa kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ƙofar katako ta motse, leɓe da diddige su tsage? Gorar da ta tsage ana gyara ta, ana ɗaure ta da zare na musamman, amma masu wannan aiki ba su kusa, sai ka mayar da ita wata nahiya ka biya kuɗin zuwa da dawowa. Ta roba kuwa ta ga hunturu, ta ga zafin watan Afrilu, ta ga damina, ba ta canja ba. Ina barin ta a kan tebur a buɗe, wanda hakan ma wani alheri ne, domin sarewar da ke gaban idonka ita kake ɗauka in ka sami minti biyar. In ta yi datti in wanke ta da ruwa da sabulu. Abin da nake kiyayewa shi ne barin ta cikin mota a rana, da kuma faɗuwa ta baki, don kaifin nan in ya gutsure an gama. Akwai ƙarin abu ɗaya: ana shafe cikin ta gora da wani ƙaro na itace da ake kira urushi, wanda ke sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da kumburin fata, musamman in sabo ne. Mai roba ba ruwansa da wannan.

Sautinta fa? Muryar ƙasa, wadda suke kira otsu, tana fita cike, musamman ro, wato sautin da ake samu in an toshe ƙofofi duka. Shi ne mafi wuya ga sabon shiga, domin ƙofofin suna da faɗi, kusan santimita ɗaya, kuma ko ɗan ƙanƙanin gefe ka bari a buɗe sautin ba zai zo ba. Da yatsan nuni da na zobe ake toshewa, na tsakiya aikinsu riƙo ne. Masu wannan fanni suna da wata al'ada, robuki, wato ka zauna ka yi ta busa ro kaɗai, numfashi bayan numfashi, kamar minti goma kowace rana kafin komai. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne. Yanzu shi na fi so a duk zaman, don a nan nake jin yadda sautin ke kauri in na saki wuya da kafaɗa, yake kuma sirancewa in na ƙanƙame jiki. Muryar sama, kan, ana samun ta da yatsu iri ɗaya, sai dai a tsuke kafar leɓe iskar ta ƙara sauri. Na daɗe ina neman ta da ƙarfi, ina hura iska mai yawa, har malamina, mai koya mini ta intanet, ya nuna mini cewa ƙanƙantar kafar ake nema. Da na gane, Yuu ta ba ni ita ba gardama, kuma manhajar auna sauti da ke wayata ta nuna muryoyin biyu sun dace.

Inda za a gane sarewar kirki shi ne wajen meri. Tunda ƙofofi biyar ne kawai, sauran sautukan da ke tsakani ana samo su ne ta hanyar sunkuyar da haɓa, leɓe ya ƙara rufe bakin sarewar, sautin ya sauka, a haɗa da buɗe rabin ƙofa ko ƙasa da haka. Ɗaga haɓa kuma, kari, yana hawar da shi. Sautin meri yakan fito a dushe, da duhu-duhu, kuma Japanawa ba su ɗauki wannan aibi ba, shi suke nema, shi ne ke ba kiɗan nasu wannan kewa da ke kama zuciya. Tsu meri, wanda yake daidai da E mai sauka, ya ba ni wuya fiye da komai, har yau ina kan gyara shi. Suna da wani zance cewa girgiza kai kaɗai shekara uku ake yi ana koyo, domin da motsin kai ake kaɗa sauti a wannan sarewa. Abin da zan shaida shi ne Yuu tana karɓar meri sosai, tana sauka har inda ake so in mai busawa ya iya. Na ji malamina ya yi a irinta, don haka ba ni da abin zargi.

Amma roba roba ce. Na taɓa samun damar busa ta gora ta wani baƙo da ya zo aiki Abuja, na ji bambancin nan take. Gorar tana rawa a yatsu, sautin yana da wani ɗumi da ƙura-ƙura, kowace ƙofa da halinta. Ta roba sautinta a wanke yake, tsaf, iri ɗaya daga sama har ƙasa. Ga mai koyo wannan alheri ne, ga wanda kunnensa ya buɗe kuwa wata rana zai ji yana son ƙari. Roba kuma tana santsi in haɓa ta yi gumi, abin da ba a rasawa a nan daga Maris zuwa Mayu, sai in riƙa ajiye hankici kusa. Raɓar numfashi tana taruwa a ciki da sanyin asuba har ta ɗigo ta ƙofar baya. Nauyin ma yakan gajiyar da babban yatsan dama a farkon lamari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya hana ni koyo.

Akwai masu cewa a yanki bututun ruwa na roba a huda, a yi sarewar da kai, kuɗin bai kai na kwanon shinkafa ba. Ana yi, kuma tana yin sauti, har wasu malamai suna raba irinta a ajin gwaji. In so kake ka gane ko za ka iya jure neman sautin farko, gwada. Sai dai cikinta a miƙe yake, muryar sama ba ta cika dacewa da ta ƙasa ba, ba za ta kai ka nesa ba.

Sarewa kaɗai ba ta koyar da kowa. Wannan ne ɓangaren da na fi so a ji, domin kuɗin malami a shekara ya fi kuɗin Yuu nesa ba kusa ba, kuma ya cancanta. Ta Zoom nake ɗaukar darasi, a wajen wani dattijo da ya yi karatunsa a Japan. Sensei nake ce masa, kamar yadda ɗalibai ke yi. Intanet ba ta barin mu busa tare saboda jinkirin sauti, alhali a al'adarsu malami da ɗalibi suna zama fuska da fuska ne su busa lokaci guda, ɗalibi yana bin numfashin malami. Mu sai dai ya busa in saurara, in busa ya gyara. Duk da haka, a zaman farko ya hango abin da bidiyo ba zai taɓa gaya mini ba, cewa ina danna sarewar a haɓa da ƙarfi har ina toshe wa sautin hanya. Ya kuma hana ni sara sauti da harshe. A wannan kiɗa, in za a maimaita sauti, da yatsa ake bugun ƙofa.

Rubutun kiɗan ma nasu daban ne. Da haruffan Japan na katakana ake rubuta shi, daga sama zuwa ƙasa, layuka suna tafiya daga dama zuwa hagu. Wanda ya yi makarantar allo farawa daga dama ba zai ba shi tsoro ba. Kowane harafi sunan yatsu ne: ro, tsu, re, chi, ri. Kafin ka busa sai ka rera sunayen da baki. Haruffan da ake bukata da farko ba su da yawa, a mako ɗaya an haddace su. Abin lura shi ne makarantu biyu manya ba rubutu ɗaya suke yi ba. Ta Kinko ta samo asali daga Kurosawa Kinko, wanda ya rayu daga 1710 zuwa 1771, ya zagaya yana tattara tsofaffin kaɗe-kaɗen sufaye, har aka sami guda 36 da makarantar ke riƙe da su. Ta Tozan kuwa Nakao Tozan ne ya kafa ta a Osaka a 1896, ta fi karkata ga sababbin ƙirƙira da busa cikin taro. Sautin da ’yan Kinko ke kira ri, ’yan Tozan ha suke ce masa, alamomin lokaci ma sun bambanta. Yuu tana aiki da kowanne.

Wani maƙwabcina, malamin makaranta ne, ya tare ni a ƙofar gida ya ce, “Alhaji, na ji an ce wannan abin na masu bautar Buda ne.” Tambaya ce mai kyau, kuma ban ɓoye masa komai ba. Sarewar daga Sin ta shiga Japan tun wajen ƙarni na 8, cikin kayan kiɗan fada, kuma har yau akwai irin waɗancan na farko masu ƙofa shida a taskar Shosoin da ke Nara. A zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, ta zama ta wasu sufaye ’yan ɗariƙar Fuke ta addinin Buda, komuso, masu yawo da kwando a kife a ka har ya rufe fuska, suna busa suna bara, suna ɗaukar busar a matsayin horon zuciya. A 1871 gwamnatin Meiji ta rushe ɗariƙar. Daga nan sarewar ta koma hannun makaɗa, ana haɗa ta da kayan kiɗa masu tsirkiya irin su koto da shamisen, ana bin waƙoƙin manoma da masunta da ita, yau har a kiɗan fina-finai da jaz ana jin ta. Lokacin da Amurka ta harba kumbon Voyager a 1977, cikin faifan zinaren da aka liƙa masa akwai busar Yamaguchi Goro. Tsofaffin kaɗe-kaɗen sufayen, honkyoku, su ne suka ja ni tun farko, don ba su da kiɗan ganga, tsawon numfashin mai busa shi ne ma'auni, shirun da ke tsakanin sauti da sauti ma cikin kiɗan yake. Ni a matsayin kiɗa na ɗauke su, ba ibada ba, kuma malamina bai taɓa neman in yi wani abu da ya wuce busa ba. Kowa ya san inda zuciyarsa ta natsu a kan sha'anin kiɗa, wannan kuma tsakaninsa da malamansa ne.

Batun kuɗi ba zan kawo adadi ba, don canji ba ya zama wuri ɗaya. Abin da zan ce shi ne gorar kirki daga hannun sanannen maƙeri takan ninka kuɗin Yuu sau da yawa, ta ƙwararru kuwa dubban daloli ce. Ga mai saye daga nan, a lissafa da kuɗin aikowa da na kwastam, don sukan ɗaga jimillar sosai. In kana da ɗan'uwa mai dawowa daga Japan, Turai ko Amurka, raba ta gida biyu ya sa a jakar hannu ya fi sauƙi. Kuma a saya daga shagon da sana'arsa ke nan, wanda masu busa suka sani.

Wanda ba zan ba shawarar ya saye ta ba shi ne mai son abin ratayewa a falo, da wanda ya riga ya iya busa yana neman muryarsa ta kansa. Haka mai son dogayen sarewu masu zurfin murya irin 2.4, waɗanda ake yawan ji a faifan honkyoku, ya sani Yuu ba za ta ba shi wannan zurfin ba. Duk da haka da 1.8 ake farawa, don yatsu ba sa wahalar kaiwa, darussan farko kuma a kanta aka rubuta su.

In za ka yi oda, ka tabbata an haɗo maka da murfin baki da tsumman goge ciki, wanda ake ɗaura wa igiya da ɗan ƙarfe a zura ta sama a jawo ta ƙasa bayan kowace busa. Littafin koyo kuwa kada ka saya tukuna. Fara samun malami, ka ji ko ɗan Kinko ne ko ɗan Tozan ko wani reshe daban, sannan ka sayi littafin da ya ce, don kada ka haddace rubutun da ba shi zai koyar da kai ba.